Halayen Ruwa da Lafiyar Mai Juna Biyu



Akwai wasu tambayoyi da ba sa wuce mu a ranakun awo. Wata za ta ce, "Malama, ƙafafuna sun kumbura, ko in rage shan ruwa?" Wata kuma, musamman idan bazara ta kama, za ta ce, "Wannan zafi na Birnin Kebbi, ta yaya jariri zai zauna ba a ɗiga masa ko cokali ɗaya na ruwa ba?" Kakanni kuwa babban ƙorafinsu shi ne hana su yi wa jariri wanka da zarar ya faɗo. Duk waɗannan tambayoyi amsarsu wuri ɗaya take, wato a cikin halin ruwa. Mu mutanen kwarin Rima mun saba da ruwa, da shi muke noman shinkafa, a cikinsa Kabawa suke su, amma sabo da abu daban, sanin halinsa daban. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu zauna mu yi bayani, domin idan kin san dalili, ba sai an tsaya a kanki kafin ki bi shawara ba.

Yadda aka gina ƙwayar ruwa

Ɗigon ruwa guda da kike gani tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda yawansu ya ninka yawan mutanen duniya sau biliyoyi. Kowace ƙwaya haɗin abu uku ce: zarra biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin. Wannan ne ma'anar H2O da yaranki suke rubutawa a littafin makaranta. Ƙwayar tana da ɓangare biyu masu ɗauke da 'yar wutar lantarki iri dabam-dabam, kamar mayen ƙarfe mai baki biyu. Saboda haka kowace ƙwaya tana jan 'yar'uwarta, tana kuma jan duk wani abu mai irin wannan wuta, kamar gishiri da sukari da kanwa.

Ki zuba gishiri a kofin ruwa ki dama. Gishirin bai tafi ko'ina ba. Ƙwayoyin ruwa ne suka kewaye shi, suka rarraba shi gutsi-gutsi har ido ya daina ganinsa, amma harshe yana jinsa. Babu wani abu mai gudana da muke amfani da shi yau da kullum da ya kai ruwa iya narkar da abubuwa. Mai da danginsa kuwa sun gagare shi: man gyaɗa ko man shanu sai dai su taso sama. Wannan ma rahama ce, domin bangon kowace ƙwayar halitta ta jikinmu da maiƙo aka yi shi, shi ya sa ruwan da ke cikinmu ba ya narkar da mu.

Ruwan da ke cikin jikinki

Kusan rabin nauyin mace baliga ruwa ne. Jariri sabuwar haihuwa kuwa kimanin kashi 75 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Daga ɗaukar ciki zuwa haihuwa, jikinki yana ƙara ruwa tsakanin lita 6 zuwa 8, a jini da mahaifa da mabiyiya da jikin ɗan da kansa. Idan ma'aunin awo ya nuna kin ƙara kilo 10 ko 12, to fiye da rabinsa ruwa ne.

Ruwan jini, wato abin da ya rage idan an cire jajaye da fararen ƙwayoyi, kimanin kashi 90 cikin 100 ruwa ne zalla, kuma yana ƙaruwa da kusan rabi a lokacin goyon ciki. Tuwon da kika ci, da kifi, da zogale, sai sun narke a cikinsa kafin su isa mabiyiya. Jininki da na ɗanki ba sa cakuɗuwa, akwai shamaki siriri a tsakaninsu, amma abin da ya narke yana ratsawa. Abinci ya shiga, datti ya fito, ƙodarki ta tace ta fitar a fitsari. To amma ruwa ba ya zaɓe. Yadda yake kai abinci, haka yake kai ƙwayar da kika saya a kemis ba tare da takardar likita ba, da jiƙo, da tsimi, da abin da ake kira maganin zaƙi wanda ba wanda ya san ma'auninsa. Duk abin da kika haɗiye, ki ɗauka ku biyu ne kuka sha.

Akwai abu ɗaya da ruwa bai iya ɗauka da yawa ba, shi ne iskar oksijin. Kaɗan ce take narkewa a cikinsa. Da wannan 'yar kaɗan kifayen Matan Fada suke rayuwa, kuma masunta sun san idan ruwa ya ja baya ya yi ɗumi a kududdufi, kifi yakan taso yana haƙi, domin ruwa mai ɗumi ya fi ƙarancin iska. Jikin ɗan'adam ba zai rayu da wannan kaɗan ba, sai aka ba jini jajayen ƙwayoyi masu sinadarin ƙarfe su yi dakon iskar. Da yake ruwan jinin mai ciki ya fi jajayen ƙwayoyin saurin ƙaruwa, jinin yakan tsinke. Dalilin jan magani da muke ba ki kowane awo ke nan. Yakan sa bayan gida ya yi tauri, kuma maganin wannan shi ne ruwa da ganye da 'ya'yan itace. Kada ki ajiye ƙwayar a ƙarƙashin katifa.

Ruwan faya

Ɗanki yana kwance ne a cikin ruwa. A wajen makonni 34 zuwa 36 ruwan fayar yakan kai kusan mililita 800, wato ya ɗara ledar ruwa ɗaya da rabi, sannan ya ɗan ragu kafin haihuwa. Ruwa ba ya matsuwa. Ki cika leda ki danna, sai dai ƙarfin dannawar ya bazu ko'ina. Haka ruwan faya yake raba ƙarfin jijjigar babur a kan hanya mai gargada, yana hana cibiya matsewa, yana ba ɗan sararin miƙe hannu da ƙafa.

Mata da yawa sukan yi mamaki idan na gaya musu cewa daga tsakiyar ciki zuwa sama, yawancin ruwan nan fitsarin ɗan ne. Fitsari ne mai tsabta. Yana haɗiye shi, yana shaƙarsa cikin huhu, ya sake fitar da shi, da haka hanji da ƙoda da huhu suke koyon aiki. Farin maiƙon da kuke gani a jikin jariri shi ne ya kare fatarsa daga jiƙewa duk tsawon watannin nan, tunda ruwa ba ya cin mai. Ba datti ba ne, a bar shi ya shige fata da kansa.

Idan faya ta fashe, ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ko naƙuda ba ta fara ba, ki sa ƙyalle mai tsabta ki taho asibiti, kada ki tsaya jiran ciwo, kada kuma a sa hannu a duba ki a gida. Ki lura da launin ruwan ki faɗa mana. Idan kore ne ko ruwan ƙasa, ko yana wari, ko da jini, to ko tsakar dare ne a nemo mota.

Ruwa yana bin gishiri

Wannan hali shi ne wanda na fi so ki riƙe. Ki yanka albasa ko kokwamba ki barbaɗa gishiri, ba da jimawa ba za ki ga ruwa ya fito. Ki jiƙa wake ya kwana, za ki tarar ya kumbura. Duk inda aka sami shamaki siriri, ruwa yakan ratsa ya tafi ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Da wannan hanya saiwar shinkafa take jan ruwa a fadama, da ita kuma hanjinki yake tsotse ruwan da kika sha.

A kan wannan hali aka gina ruwan gishiri da sukari. Masana sun gano cewa ko hanji yana fama da kwalara, akwai wata ƙofa a bangonsa da ba ta rufewa, wadda gishiri da sukari suke shiga tare, kuma idan sun shiga ruwa ya bi su. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, wani likita ɗan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan ƙari a sansanin 'yan gudun hijira, sai ya sa aka riƙa dama wannan haɗi ana ba mutane. Mace-mace ta sauko daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100. Wannan labari ya shafe mu, domin a 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Kebbi tana cikin jihohin da abin ya taɓa.

Mafi kyau shi ne ƙunshin ORS na asibiti ko kemis. Ki karanta jikinsa, ko ki sa a karanta miki, domin wani na lita ɗaya ne, wani na rabin lita. Idan babu, ki sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, wato cikin leda biyu, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali a shafe. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Ma'aunin yana da muhimmanci: idan sukari ya yi yawa, sai ruwa ya juyo daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba magani ba ne ga mai gudawa. Yaro mai zawo a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba shi nono. Idan maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ko ya kasa sha, sai asibiti. Mai ciki da amai da gudawa suka kama kada ta yi jinya a gida, ta fara shan ruwan a hanya.

Yanzu mu koma ga mai kumburin ƙafa. Kumburin da yake zuwa da yamma ya sauka da safe, nauyin mahaifa ne ya danne jijiyoyin da suke mayar da jini sama. Ki ɗora ƙafa a kan matashi, ki riƙa kwanciya ta gefen hagu. Rage shan ruwa ba ya sauke shi, sai dai ya jawo miki ciwon mafitsara, wanda shi kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Kumburin da muke tsoro shi ne na fuska da hannu wanda ya zo farat ɗaya, tare da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. Wannan alamar hawan jinin ciki ce da take kai wa ga jijjiga. Ba a maganinta da ƙishirwa, ba a maganinta da hayaƙi. A zo a auna jini da fitsari a ranar.

Sai batun kunun kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke sa gishiri riƙe ruwa yana cikinta da yawa. Mai jego tana buƙatar fitar da litocin ruwan da ta tara, shi ya sa take yawan fitsari da zufa a makon farko. Idan aka ɗura mata kanwa safe da yamma, ruwan ya tsaya, zuciya ta yi ta fama da kaya. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kan yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Wani bincike da aka buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Sakkwato ya sami ciwon a kimanin haihuwa 1 cikin 100. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya nuna cewa rama da talauci da hawan jinin ciki sun fi al'adun jego ƙarfi wajen kawo ciwon. Duk da haka, zuciyar da ta riga ta raunana kanwa ba ta ƙara mata komai sai wahala. Iya, a dama wa mai jego kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ba ta nama da kifi da ƙwai. Idan kuwa kuka ga tana haƙi, ba ta iya kwanciya sai a zaune, tana tari da dare, ƙafa da ciki suna kumbura, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta.

Ruwa da zafi

Ki ɗora kasko a wuta, nan da nan ya yi zafi. Ki ɗora tukunyar ruwa, sai kin jira. Da yake ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna, sai sun sha zafi mai yawa kafin su ɗumama, kuma suna daɗewa kafin su huce. Wannan ne ya sa jikinmu yake tsayawa a kusan digiri 37 ko da rana ta haura 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Haka kuma, duk ƙwayar da za ta rabu da 'yan'uwanta ta tashi ta zama tururi, sai ta kwashi zafi ta tafi da shi. Sirrin randa ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Zufa ma haka take aiki. Jikinki randa ce, kuma randar da ba a zuba mata ruwa ba ta sanyaya komai.

Mai ciki tana ɗauke da zafin mutum biyu, kuma ɗan ba shi da hanyar fitar da nasa zafi sai ta jininta. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan mata manoma masu ciki a ƙasar Gambiya ya nuna cewa idan uwa ta yi aiki a tsananin rana, bugun zuciyar ɗan yana tashi, alamar yana wahala. Matan da suke dashe ko tsinkar shinkafa a fadamun Argungu, da masu turara shinkafa a gaban wuta, da masu suya, ku yi aikin da sassafe ko da la'asar sakaliya, ku ajiye ruwa kusa.

Nawa za ki sha? Kofi 8 zuwa 12 a rana, wato kimanin lita biyu zuwa uku, ko ledar ruwa 4 zuwa 6, a ƙara idan ana zafi ko ana shayarwa. Kunu da fura da romo da kankana duk suna cikin lissafi. Ba sai kin ƙirga ba ma, fitsarinki zai gaya miki: idan fari-fari ne, kin sha isasshe, idan ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan, to jiki yana roƙo. Na san wasu suna ƙin sha ranar awo ko ranar kasuwa don gudun neman bayi. Gara neman bayi da neman gado a asibiti. Game da azumi, addini ya yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame. Ki tuntuɓe mu da malaminki, musamman idan kina da ciwon sukari, ko ƙarancin jini, ko tagwaye, ko kin ji motsin ɗan ya ragu.

Wannan hali na ruwa da yake taimakon babba, shi ne yake cutar da sabon jariri. Ya fito a jiƙe daga wuri mai ɗumi, jikinsa ƙarami, ba shi da kitse sosai, ba ya iya karkarwa don ya ɗumama kansa. Ruwan da ke bushewa a fatarsa yana tafiya da zafin jikinsa cikin mintoci, balle a lokacin hunturu. Shi ya sa muke goge shi nan take da zane busasshe, mu canza wani, mu ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, mu sa masa hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wanka har sai bayan awa 24. Kaka, ba a hana ki wankan jikanki ba, gobe ma rana ce. Bakwaini kuwa ya fi kowa buƙatar wannan haƙuri.

Ita ma mai jego a tuna cewa ruwan da ya tafasa yana riƙe da zafinsa. Muna karɓar mata da ƙuna a baya da cinya da wurin ɗinki saboda wankan ganye. A sirka ruwan har gwiwar hannu ta iya jure shi.

Batun ba jariri ruwa kuwa, nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, ruwan da jikinki ya riga ya tace ya kuma ɗumama daidai. Nonon da yake fara zuwa a kowane shan ya fi tsinkewa don ya kashe ƙishirwa, na ƙarshe ya fi maiƙo don ya ƙosar. Cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokali ɗaya ko biyu ba, kuma dakashi ya ishe shi. Ruwan da aka ɗura masa yana cinye gurbin nono, yana iya shigo da zawo, kuma idan ya yi yawa yana tsinka gishirin jininsa har ya kai ga suma, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Har wata 6, nono zalla. Idan ana zafi, ke ki sha ruwan, shi ki ƙara masa yawan shan nono.

Fatar ruwa

Kin taɓa ganin ƙwaro yana tafiya a kan tafki bai nutse ba? Ƙwayoyin da ke saman ruwa suna jan juna har su zama kamar fata. A cikin huhu akwai miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kowace da laimar ruwa a cikinta. Wannan jan zai iya manne bangon jakar kamar yadda jiƙaƙƙiyar leda take mannewa. Don haka huhu yana yin wani sinadari mai kama da sabulu da yake sassauta jan. Ɗan yana fara yin sa a wajen mako na 24, amma ba ya wadata sai wajen mako na 34 zuwa 35. Wannan ne ya sa bakwaini yake nishi, haƙarƙarinsa yana lotsawa.

Akwai allura, dexamethasone, da ake yi wa uwa idan haihuwa ta taso tsakanin mako na 24 da na 34, wadda take hanzarta nunar huhun. Wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe biyar, har da Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya tabbatar tana rage mutuwar irin waɗannan jarirai. Amma tana buƙatar lokaci, awa 24 zuwa 48, kafin ta yi cikakken aiki. Matar da ta zauna a gida tana cewa bari a gani, sai kan ɗa ya sauko sannan a kawo ta, ta rasa wannan dama.

A wannan fatar ruwa ce kuma tsutsar sauro take rataya tana shaƙar iska, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta zama sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar maleriya, adadin da ya fi na kowace jiha, shi ya sa aka fara allurar rigakafin maleriya ta yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Fadama ba za mu iya ƙafar da ita ba, amma ramin da aka haƙa don yin tubali, da kwatar bayan ɗaki, da tsohuwar taya, waɗannan aikin maigida ne. Ke kuma gidan sauro kowane dare, da ƙwayoyin rigakafi guda uku-uku da muke ba ki a gabanmu daga wata na huɗu.

Ruwan da ke cikin randa

Tunda ruwa yana ɗaukar duk abin da ya tarar, garai-garai ɗinsa ba shaida ba ce. Alam da garin 'ya'yan zogale suna tattara laka su kwantar da ita, ruwan ya yi kyaun gani, amma ba sa kashe ƙwayoyin taifot da kwalara. Bayan ya kwanta, a tace, a tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur. Idan itace ya yi tsada, a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira rabin awa. Ruwan 'yan ga-ruwa ma haka, tunda ba ki san inda aka ɗebo ko yaushe aka wanke jarkar ba.

Akwai wani nau'in ciwon hanta, wanda likitoci suke kira nau'in E, da ake ɗauka ta ruwan da bayan gida ya gurɓata. Yawancin mutane sukan warke, amma mai tsohon ciki yana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. A ɓarkewar da ya yi a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Mai ciki da idonta ya yi rawaya, kada a tsaya jiƙon shawara.

Mu a nan haɗarin ya fi yawa da damina. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2020 sun san yadda Rima take haɗa masai da rijiya ta mai da su abu ɗaya. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ta an sa mata magani kafin a koma sha. Sabon masai kuma a haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya, ta gangare. Shiga gulbi da tafki don wanki ko wanka yana kawo tsargiya, wadda a jikin mace take iya zuwa da ƙaiƙayi da zubar jini ta gaba har a ɗauka ciwon sanyi ne. Tana da magani, ki faɗa mana idan kina shiga ruwa.

Wani abin da tafasa ba ta iya masa shi ne sinadari. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa, amfani da takin zamani da maganin feshi ma ya ƙaru. Takin zamani yana narkewa a ruwa sarai, yana iya bin ƙasa ya shiga rijiya marar zurfi da ke tsakiyar gona. Idan aka tafasa irin wannan ruwa, ruwan ne yake tashi, sinadarin ya zauna har ya ƙara kauri, kuma a jikin ƙaramin jariri yana hana jini ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Ruwan da injin ban-ruwa yake jawowa na shinkafa ne, a tafi gona da na sha daga gida. Galan ɗin maganin feshi kuma ko an wanke shi sau goma kada a zuba ruwan sha ko nono a ciki, a huda shi a binne.

Ruwa mai tsabta yakan lalace a cikin gida ta hanyar moɗa. Yaro ya dawo daga wasa ya tsoma hannu har wuyan hannu, moɗar ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar. A rufe randa, a sami moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta, a ware kofin sha daban, a wanke randar duk mako. Hannu kuma ruwa kaɗai ba ya wanke shi, tunda dattin yana manne da maiƙon fata. Sabulu yana da baki biyu, ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa, sai su tafi tare. Ko sabulun salo ya wadatar.

Maigida, idan watan haihuwa ya kama, cikin kayan da za ka tanada ka sa jarka biyu masu murfi da ba a taɓa zuba fetur ko magani a cikinsu ba, da sandar sabulu, da ƙunshin ORS ko guda huɗu, da zannuwa busassu aƙalla uku na goge jariri. Ɗaukar jarka mai lita 25 daga famfo ko burtsatse kilo 25 ke nan a kan mai ciki, a nemi wanda zai karɓe mata daga wata na bakwai har ta gama arba'in. Mai naƙuda kuma a bar ta ta riƙa kurɓar ruwa ko kunu mai tsinke, sai fa idan likita ya ce za a shiga da ita tiyata.